Giɓin Katangar Inna

A gidanmu na Kurfi akwai wuri ɗaya a katangar baya da ya fi ko'ina gajarta. Ba magini ne ya yi shi ba, gwiwar hannun mata biyu ce ta cinye shi a hankali. Ta wannan gefen mahaifiyata ce, wadda muke kira Inna. Ta wancan gefen maƙwabciyarta ce, wadda muke kira Gwaggo, ko da yake ba mu haɗa jini da ita ba ko ta ina. Shekara ɗaya aka kawo su unguwar, gidajen kuma baya da baya suke, ƙofarmu tana kallon gabas, tasu tana kallon yamma. In ka ce ta ƙofa za ka je gidan Gwaggo, sai ka fita lungunmu, ka zagaya ta bayan masallaci, ka ratsa majalisar dattawa kana durƙushe-durƙushe, sannan ka shiga lungunsu. Ta katanga kuwa taku huɗu ne daga murhun Inna.

Kullum bayan la'asar Inna za ta taka wani tsohon turmi da aka kife a gindin katangar, ta ɗora hannuwa, ta ce, "Kina nan?" Daga can sai a ce, "Ina zan tahi?" Shi ke nan an buɗe hira, sai kiran magariba ya raba su. Ta giɓin nan garwashi yake ƙetarawa a kasko, da daddawa, da kanwa, da kifin madatsar ruwa ta Zobe in wani ya kawo tsaraba. Ta nan ake jin wa ta haihu, wa ta yi yaji, wa likita ya ce a kai Katsina. An ce ni kaina ta nan aka miƙa ni ina jariri, lokacin da Inna ta yi wani zazzaɓi mai zafi, na yi kwana bakwai a ɗakin Gwaggo tare da ɗanta, wanda sa'ana ne.

Duk shekara kafin ruwa ya sauka, wani tsohon magini yakan zo ya yi mana yaɓe. Shekarar farko da ya ga giɓin ya cike shi, ya daidaita shi da sauran katangar. Kafin kaka wurin ya koma yadda yake. Daga nan ya gane. In ya zo wurin sai ya bi shi da tafin hannu, ya lanƙwasa shi kamar bakin tukunya, ya shafe shi da makuba don kada jar ƙasa ta ɓata musu hannun riga. Mutumin nan bai san ko bihim a boko ba, bai taɓa riƙe takardar zane ba, amma ya san gida na masu zama ne a cikinsa.

Haka garin yake gaba ɗaya a lokacin. Katanga tsayin mutum ce, ta isa ta rufa wa mata asiri, ba ta kai ta hana murya wucewa ba. Kowane gida da zaurensa, baƙo ya shiga inuwa ya yi sallama, a kawo masa ruwa kafin a tambaye shi wa yake nema. A ƙofar zaure akwai dakali, ba na mai gida ba ne shi kaɗai, na duk wanda ya gaji ne. Ban ce mutanen da waliyyai ba ne, akwai gulma, akwai gaba ta shekara da shekaru, soron ƙasa kuma yana yoyo in an yi sakaci. Amma ginin ba ya barin ka ka ɓace wa mutane. In hayaƙi bai tashi a gidanka ba da safe, kafin hantsi wani ya leƙo.

Aikin koyarwa ne ya kai ni Dutsin-Ma. A can na yi aure, a can na yi furfura, kuma a gaban idona garin ya sake fata. Da jami'a ta zo, duk mai ɗan fili ya zama mai gidan haya. Aka jera ɗakunan bulo kamar akurkin kaji, kowane da ƙofar ƙarfe da tagar da kai ba ya shiga. Masu hali kuwa suka shiga gasar gidan da ya fi na kowa muni. Za ka ga rufin kwano mai tsini ya fi ɗakunan da ke ƙarƙashinsa tsawo, ba kowa a cikinsa sai jemagu. Za ka ga ginshiƙai biyu farare a ƙofa, ba abin da suka ɗauka, an dai gan su a gidan wani a Abuja. Tsakar gida a shafe ta da siminti, a sare darbejiyar da ke ba ta inuwa don ganye na ɓata wuri. In bazara ta yi, gidan ya koma tanda, mai shi ya fito da tabarma waje yana fifita, yana zagin masu wuta. Zaure kuwa an kashe shi, an sa get a madadinsa. Yau in ka je gidan mutum, a rana za ka tsaya kana latsa waya kana cewa, "Ga ni a ƙofar gidanka," sai ka ce ɗan aike. Garin da ke da duwatsun da ba irinsu, ya rasa abin kwaikwayo sai bayan gidan wani gari.

Kada a ɗauka ni na tsira. Gidana na Dutsin-Ma ma bulo ne da kwano, da get mai baƙin fenti, ban kuma san sunan 'ya'yan maƙwabcina na dama ba. Ina raina ginin nan ina kwana a cikinsa.

Ɗan Gwaggo, wanda muka sha nono ɗaya na kwana bakwai, shi Allah ya buɗa wa. Ya shiga harkar kwangila, ya je Makka, ya dawo ba mai kiran sa sai da Alhaji, har ni. Wata shekara bayan girbi ya zo Kurfi ya ce zai gyara wa tsohuwarsa gida. Gyaran nasa shi ne ya kwashe ta ya kai ta wajen 'yarta a Barkiya, ya kawo motar rusau. Soron da kakansa ya gina, mai azara da rufin ɗaurin guga, mai sanyi kamar randa, kafin azahar ya zama tarin ƙasa. Tipa ta yi ta juye birji har filin ya fi namu tudu da kamu biyu. Ƙanwata ce ta kira ni ta ce in zo, an fara haƙa harsashi a jikin katangar baya.

Na sami Alhaji a tsaye cikin farar shadda, da wani matashi mai hular roba da yake kira injiniya. Muka gaisa, na ce, "Alhaji, katangar nan ta baya fa, ka san ta tsofaffin nan ce. Ko 'yar ƙofa a bar musu, ko taga."

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. "Haba Malam, kai da ka yi boko? Wane zamani muke? Ba ka ga yadda tsaro ya zama ba?"

Ban musa masa ba, kowa a ƙasar nan ya san abin da ake ciki, ba wanda bai yi ta'aziyya ba. Amma na ce masa, "Ta bayan nan ba kowa sai Inna da awakinta uku. Wanne daga ciki kake tsoro?"

Injiniyan ya sa baki ya ce ai zanen ba shi da ƙofa ta nan, in aka huda za a ɓata tsarin. Yaron da ko sunan unguwar bai sani ba. Alhaji ya ce kada in damu, zai saya wa tsofaffin waya kowace da tata, su yi ta hira har su gaji. Na yi tsaki a zuciyata, na hau babur na koma Dutsin-Ma. Iyakar ƙoƙarin da na yi ke nan, kuma na daɗe ina ba kaina labarin cewa na yi ƙoƙari.

Katangar ta tashi, bulo a kan bulo, ta ninka tamu tsawo, aka yi mata rawani da waya mai ƙaya. Ta gefensu an yi filasta an shafa fenti ruwan madara. Ta gefenmu an bar mana bulo tsirara da siminti yana zubo masa kamar majina. Tsohuwar katangarmu ta ƙasa tana nan manne da ita, giɓin yana kallon bulo. Rana ma ta daina shigowa tsakar gidanmu da yamma.

Aka dawo da Gwaggo cikin gidan tayil. Ƙafarta dama ta yi rauni, sai da sanda, ga santsi, ga matakala uku kafin ta sauka tsakar gida. Wayar da aka saya mata tana ƙarƙashin filo, idonta ba ya ganin lambobin. Inna kuwa ta ce ita ba ta iya magana da mutum ba ta jin motsinsa. Sau ɗaya ta gwada zuwa ta ƙofa. Gwiwoyinta sun riga sun ci amanarta, sai da aka samo mai babur ya zagaya da ita. Ta tsaya a rana tana buga ƙarfe da zobenta, maigadin da aka kawo daga wani gari ya leƙo ta 'yar taga ya ce, "Baba, wa kike nema?" Matar da ta wanke mai gidan ranar da aka haife shi. Ta shiga, an zaunar da ita a kujerar da ta nutse da ita, ga talabijin yana ta ihu, suka gaisa kamar baƙi. Da ta dawo ta ce ba ta ƙara zuwa, kuma ba ta ƙara ba.

Abin da ya biyo baya ban san shi ba a lokacin, sai daga baya. Tun zamanin kakanni ruwan saman gidansu ta gidanmu yake bi ya fita lungu, domin mu ne a gangare, akwai rariya a gindin katangar. Birkilan da ya yi aikin ɗan garin ne, ya san da haka, sai ya sa bututun roba mai faɗin bakin kwano a daidai tsohuwar rariyar. To ashe wata rana bayan la'asar Inna tana zaune kusa da wurin tana tsince wake, sai ta ji murya daga ƙasa ana cewa, "Kina nan?" Gwaggo ce ta lallaɓo da sandarta, ta sauko matakala uku, ta zauna a ƙasa a bakin bututun. Inna ta jawo tabarma ta kishingiɗa, ta kai bakinta ta ce, "Ina zan tahi?"

Haka suka koma yi kullum. Mata biyu da suka haifi garin nan, suka yi wa rabin unguwa wankan jego, suna kwance a ƙasa suna magana ta hanyar ruwan datti. Har goro suke tura wa juna da kara, a ƙulle a leda. Ba wadda ta gaya wa ɗanta. Inna ba za ta iya buɗe baki ta ce mini tana kwanciya a bakin rariya ba, ni da ko sunana ba ta faɗa saboda ni ne ɗan fari, sai dai ta ce Malam.

Sai damina ta zo. Da can tsakar gidan Gwaggo ƙasa ce, tana shanye rabin ruwan kafin ya iso mu. Yanzu ga rufin kwano mai faɗin fili, ga siminti ko'ina, digo ɗaya ba ya nutsewa. Duk ruwan sai ya taru ya fito ta bututun nan da ƙarfi kamar famfo, ya bugi gindin ɗakin Inna. Da na zo wata Asabar na ga danshi ya hau bangon har gwiwa, ƙasa tana zubowa in ka taɓa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wato bai ishe shi ya tare mana rana ba, sai ya rushe wa uwata ɗaki a kanta. Na ga tabarma a wurin, na ga 'yar kujera, na ga karan dawa a jingine, ban tambayi kaina me suke yi a bakin rariya ba. Ni a lokacin Alhaji kawai nake gani.

Ban kira shi ba, don na rantse ba zan sake roƙonsa komai ba. Satin da ya biyo na ɗauko Inna na kawo ta Dutsin-Ma ganin likitan ƙashi, na bar ta wajen matata ta kwana biyu. Na koma Kurfi da rabin buhun siminti, na samo lebura. Muka cusa duwatsu a bututun, muka dama siminti mai kauri muka toshe shi, na sa aka yi masa dakali a kai don kada ma a yi tunanin buɗewa. Ina tsaye ina kallo ina jin daɗi, ina cewa bari ruwan ya koma masa falo, ya ga yadda ake ji. Har hoto na ɗauka a waya na nuna wa abokaina a makaranta, muka yi dariya.

Da na mayar da Inna gida, ta tsaya a tsakar gida ta daɗe tana kallon wurin. Na ce, "Inna, na yi maganin ruwan nan. Ɗakinki ya huta."

Ta ce, "Ka toshe?"

Na ce, "Ƙam. Ko tururuwa ba ta wucewa."

Ta ce, "To. Sannu da aiki, Malam. Allah shi yi albarka." Ta shige ɗaki. Na ɗauka gajiyar mota ce.

Alhaji kuwa ko a jikinsa. Ruwan sama ɗaya ya taru masa a tsakar gida, maigadi ya kira shi, washegari aka fasa wata hanya ta gaba aka juya ruwan titi. Bai kira ni ba, ban ma tabbata ya san ni na yi ba. Yaƙin da na ɗauka na ci, abokin faɗan bai san ana yi ba.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki, ranar wata Talata da hantsi, ina cikin aji ƙanwata ta kira ni ta ce Gwaggo ta rasu. Na tambaye ta wa ya gaya wa Inna. Ta ce ba wanda ya gaya mata, a lasifikar masallaci ta ji, tana shara. An ce Allah ya yi wa mahaifiyar Alhaji rasuwa, za a yi jana'iza bayan azahar. Gwaggo ta yi kwana takwas a kwance. Tsakanin gadonta da na Inna bai fi taku goma sha biyar ba.

Aka yi zaman makoki a ƙarƙashin rumfunan haya a kan titi, domin gidan da aka kashe dukiya a kansa ba shi da inda mutum ashirin za su zauna a inuwa. Manyan motoci suka cika lungu. Ina zaune ina kallon ginshiƙan nan biyu farare, ina jin haushin Alhaji kamar in tashi in shaƙe shi, har lokacin ina ganin laifin nasa ne shi kaɗai.

Ranar uku da yamma na shiga gidanmu na tarar da Inna a kan tabarma a gindin katanga, kusa da dakalin simintin da na yi. Na ce ta tashi daga ƙasa, akwai sanyi. Ba ta tashi ba. Ta ce in zauna, na zauna. A nan ta ba ni labarin bututun, daga ranar da ta fara jin muryar har goron da suke turawa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kalle ni ba, tana ta murza bakin zaninta.

Na ce, "Inna, me ya sa ba ki faɗa mini ba? Wallahi da na fasa shi a ranar."

Ta ce, "In ce maka mi? In ce ɗana ya buɗe mani rariya in sa baki?" Ta kalli dakalin. "Bayan ka toshe, sai ta koma bugawa da sanda. In la'asar ta yi in ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ni kuma in ɗauko muciya in buga mata. Ta san ina nan, na san tana nan. Ran nan na buga ban ji ba. Na ce ko ta yi baƙi. Washegari na buga, shiru. Kwana takwas ina bugawa, Malam."

Ban san lokacin da na tashi ba. Na shiga ɗakin ajiya na ɗauko tsohuwar diga ta mahaifina, na zo na ɗaga zan sara dakalin. Kunya da baƙin ciki sun cika ni, ina so in fasa wani abu ko me ne ne.

Inna ta ce, "Aje."

Na ce, "Bari in buɗe shi, Inna."

Ta ce, "Ka buɗe in kira wa?"

Na ajiye digar. Dakalin yana nan har yau, siminti ne mai kyau, ko tsagewa bai yi ba. Gidan Alhaji a rufe yake, maigadi ne kawai a ciki, sai ranar salla ake buɗe get. Na roƙi Inna ta dawo Dutsin-Ma wajena, ta ce gidana ba ta jin kowa a cikinsa. Duk Asabar ina zuwa Kurfi, kuma na koyi in isa kafin azahar in bar garin da wuri, domin sau ɗaya na kai la'asar a gidan. Ina zaure ina ɗaura takalmi na ji ta jawo tabarma zuwa gindin katanga, sannan na ji muciya a jikin bulo, sau uku.